Gidan da Aka Gina da Kuɗin Fim

Ƙanena ya zo Umra a shekarar da aka shafa wa bangon ɗakinmu jan fenti. A lokacin mun yi shekara ashirin da 'yan kai a kan dutsen Nakkasa, ni da mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna. Aikin Hajji ne ya kawo mu Makka mu uku, da ni da ita da Baba. Bayan an sauko daga Mina Baba ya kwanta ciwo, kwana tara ya yi ya cika, aka yi masa salla a Harami aka binne shi a nan Makka. Da ranar komawa ta zo, Inna ta zauna a kan jakarta ta ce ba inda za ta. Ni kuwa aurena ya mutu tun kafin tafiyar, ba ni da ɗa, ba wanda ke jirana a gida. Na ce bari in zauna da ita wata biyu ko uku har zuciyarta ta yi sanyi. Jirginmu ya tashi ya bar mu, bizarmu ta ƙare, ba mu da igama, wato takardar izinin zama, muka shiga sahun waɗanda ake ce wa takari.

Ni ce 'yar fari, ƙanen nawa shi ne auta. Tsakanina da shi akwai mutum huɗu, ba wanda ya rayu. A hannun kawunmu aka bar shi a Kano, kuma tun yana can ba abin da ya iya kamar ƙwallo. Daga ƙungiyar unguwa ya shiga ta jiha, daga nan aka ɗauke shi zuwa waje, har ya kai Ingila. Ban taɓa zama na kalli wasansa daga farko har ƙarshe ba. Sai dai ranar da ya ci ƙwallo nakan sani, don ihun mazan da ke kallo a shagon shayi na gindin dutse yakan hawo har ƙofarmu, wani ya leƙo ya ce, "Hajiya, autanki ya zuba musu." Inna ta ce, "Allah ya tsare masa ƙafa," ta ci gaba da jan carbinta.

Bai taɓa mantawa da mu ba, wannan dole in faɗa. Duk wata kuɗi kan iso mana ta hannun wani ɗan kasuwa a unguwar Misfala. Sau uku ya zo Umra a lokacin da yake tashe, yana sauka a manyan masaukan da ke kallon Harami, ya turo mota ta jira mu a gindin dutse. Duk zuwan da zai yi sai ya roƙi Inna ta koma gida. Ita kuma amsarta ɗaya ce: inda aka binne mijinta nan za a binne ta. Ta san wanda ya miƙa kansa aka mayar da shi ƙasarsa, zai yi shekaru ba a bar shi ya sake shigowa ba, ita kuwa ba ta ganin tana da waɗannan shekarun a hannu.

Duk da haka ya gina mata gida a Kano, ya sa sunanta a takardun. Bene ne, ɗakuna biyar. Inna ba ta taɓa tsayawa ta dubi hotunan da kyau ba, ni ce na dube su har na haddace. Ni na zaɓi launin tayil ɗin tsakar gida ta waya. Ni na ce a buɗe wa kicin taga biyu, don na gaji da girki a inda hayaƙi ba ya samun hanyar fita. Akwai ɗaki a sama ta gabas da ya ce nawa ne. Makullan suna hannun kawu, yakan je ya buɗe a share, a sake kullewa.

Sana'ata tuwo ce. Kullum nakan tuƙa na shinkafa da na masara, in yi miyar kuka da ta kuɓewa, in zuba a kuloli in sauka da su Misfala inda alhazanmu ke sauka, waɗanda cikinsu ya gaji da gurasa da kaza. Matakalar dutsen na san ta kamar tafin hannuna, da inda ta karye, da inda ruwan wanke-wanke ke sa santsi. Na kuma san lungunan da ake shigewa idan motar askarawa, masu kamen marasa igama, ta ɓullo. Iyakar duniyata ke nan: ɗaki, matakala, lungu biyu-uku a Misfala, sai Harami ranar da aka ce hanya da sauƙi.

Da aka fara rushe unguwar daga ƙasa, katafila na cin dutsen sannu a hankali tana hawowa, mutane suka shiga tashin hankali. Wata safiya muka fito muka tarar da lamba da jan fenti a bangonmu, alamar layinmu ya kusa. Maƙwabta na ta salati. Ni ma na yi salatin, amma abin da ke raina daban. Kwana biyu kafin nan Inna ta faɗi maganar da na yi shekaru ina jira. Ta ce, "In dai aka rushe ɗakin nan ina raye, to Allah ne ya ce zamanmu ya ƙare. Sai mu tafi." Don haka da na ga jan fentin, sai na koma ciki na tsuguna gaban murhu ina ɓoye fuskata, kada a ga ba baƙin ciki nake ba. Har na fara raba kayan da za mu tafi da su da waɗanda za mu bayar.

Ana cikin haka ƙanena ya yi waya ya ce yana hanya. Shekara uku ke nan da daina wasansa, gwiwar dama ta ƙi. Wannan karon ba mota a gindin dutse. Da ƙafa ya hawo, da 'yar jaka a kafaɗa, yana tsayawa yana dafa bango. Ya ce ba zai sauka a masauki ba, yana so ya zauna kusa da Inna. Muka roƙar masa wuri a ɗakin maƙwabcinmu, wani dattijo Basakkwace mai gyaran takalma. Inna ta ji daɗi ƙwarai. Ta zaunar da shi kusa da ita tana shafa kansa, tana cewa, "Auta, furfura tun yanzu?" Ni ba ta taɓa shafa kaina ba, ba ta ma kiran sunana, sai dai ta ce "ke". Haka ake yi wa ɗan fari a gidanmu, ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba.

Kafin la'asar labari ya zaga dutsen. Mutane suka yi ta zuwa. Masu son hoto, masu neman riga, da waɗanda rusau ya taso suna neman abin kama wani ɗakin. Ya gaisa da kowa, ya yi dariya, ya sa hannu a aljihu sau da yawa. Amma ni da nake gefe ina zuba shayi na lura hannun na daɗewa a aljihun kafin ya fito, kuma abin da ke fitowa ba irin na da ba ne. Tuwon da na zuba masa ma loma huɗu ya yi ya rufe.

Washegari da hantsi na haɗa kulolina zan sauka. Ya ce, "Yaya, kawo in taya ki."

"Da wannan ƙafar?"

"Kawo dai."

Ya ɗauki manyan biyu, na ɗauki ƙaramar da bokitin miya. Muka yi ta sauka. Da muka kai inda gidaje suka ƙare, buraguzai suka fara, ya ajiye kulolin a kan wani ɓarin bango ya ce zai huta. Ya zauna ya miƙe ƙafar. Sai ya ce, "Yaya, akwai maganar da ta kawo ni, ba Umra kaɗai ba ce."

Na ajiye bokitin.

Ya yi mini bayani a hankali, yana maimaita inda ban gane ba. Ya ce lokacin da yake wasa albashinsa na da yawa, harajin da gwamnatin can ke yanka ma na da yawa. Sai wasu mutane masu kwat suka riƙa zuwa filin atisaye, suna zama da 'yan wasa wajen cin abinci. Suka ce akwai hanya, kuma doka ta yarda da ita. Mutum zai zuba kuɗinsa a wani kamfani da ke sayen finafinai, kamfanin ya ciyo bashin banki ya ɗora a kai, a takarda a nuna an yi asara. Saboda wannan asarar sai hukumar haraji ta dawo wa mutum da harajin da ya riga ya biya. Manyan ƙungiyarsu duk sun sa hannu, waɗanda suka fi shi karatu da daɗewa a ƙasar. Shi ma ya sa. Kuɗin kuwa suka dawo kamar yadda aka ce.

"To ai alheri ne," in ji ni.

"Da alheri ne. Yanzu kotu ta ce ba kasuwanci ba ne, dabarar guje wa haraji ce. Duk abin da aka dawo mana da shi sai mun mayar, da kuɗin ruwan shekarun nan duka. Har da harajin wata riba da aka rubuta da sunana, wadda ban taɓa gani da idona ba."

"Su masu kwat ɗin fa?"

"Kamfaninsu ya rufe. Sun ci ladansu tun ranar da muka sa hannu."

Ya ce ya sayar da motoci, ya sayar da wani gidan haya da yake da shi, ya biya lauyoyi har ya rasa na biyansu. Abin da ya rage shi ne gidan da matarsa da 'ya'yansa uku ke ciki. An ba shi wa'adi. Idan ya kawo wani kaso mai kauri, za a yarda ya riƙa biyan sauran da kaɗan-kaɗan. Idan bai kawo ba, kotu za ta rubuta shi cikin waɗanda suka karye, a sayar da gidan. Sai ya shiga murza gwiwarsa. Ban buƙaci ya ƙarasa ba, na riga na gane.

Na ce, "Gidan Kano ba sunanka ba ne a kai. Ba mai ikon taɓa shi daga can."

"Haka ne. Ba mai taɓa shi sai in Inna ta yarda." Ya ɗago ya dube ni. "Kuma ki sani, da kuɗin da aka dawo mini da su ɗin nan na gina shi. Kawu ya samo mai saye. Takardar na cikin jakata, yatsanta kawai ake jira da shaidu biyu. Amma wallahi na kasa buɗe baki a gabanta. Kuma na san ba ita ce ke jiran gidan ba, ke ce. In kin ce a'a, Yaya, ba zan faɗa mata ba. Zan yi Umrata in koma."

Na so in ɗaga bokitin miyar nan in juye masa a ka. Ba don ya yi asara ba, don ya ɗauko abin ya ɗora a wuyana. Da ya je kai tsaye ya faɗa wa Inna, da na samu wanda zan yi fushi da shi. Yanzu in na ce a'a, ni na fitar da yara uku daga gidansu. In na ce to, ni da hannuna na rufe ƙofar da na yi shekara ashirin ina jiran a buɗe. Na ɗauki bokitin. Na ce, "Tashi, tuwo na hucewa."

Muna shiga Misfala motar askarawa ta kunno kai daga kan kwana. Ban yi tunani ba, jikina ya riga ya saba. Na shige wani lungu na laɓe bayan tulin kwalaye, na bar shi tsaye a titi da kuloli biyu a hannu. Motar ta wuce ba ta ko tsaya ba. Da na fito na tarar da shi yana waige-waige kamar wanda aka sace wa kaya.

"Ina kika shiga?"

"Inda na saba shiga."

"Kullum haka kike yi?"

"Wani lokaci sau uku a rana."

Muka sayar da tuwon muka hau. Na san ya sha jin ana cewa ba mu da takarda, amma ranar ce ya fara ganin yadda abin yake.

Kwana huɗu na yi da maganar a cikina. Shi bai sake tayar da ita ba. Ya yi Umrarsa, ya dawo da kansa a aske, ya ci gaba da karɓar baƙi yana yi musu dariya. Wani tsoho ya riƙe hannunsa ya ce tunda Allah ya kawo shi daidai lokacin rusau, ai mutanen dutse sun samu uba. Ya ce, "Allah ya ba mu iko, Baba." Ni ina jin su daga wajen murhu. Nakan dubi kayan da na ƙulle a gefe, in dubi Inna, in rasa inda zan sa raina. Na yi ta lissafin cewa yaransa a ƙasar da suke ba za a bar su su kwana a titi ba, ni kuwa in aka rushe ɗakin nan ba wanda zai tambayi inda na kwana. Sai kuma in tuna ƙaramar cikinsu, wadda aka sa wa sunana, da yadda take gaishe ni ta waya da Hausarta mai karkata.

Ana gobe zai tafi na yanke shawara, kuma ba shawarar kirki ba ce. Na ce zan faɗa wa Inna da kaina, amma ta yadda za ta ƙi. Na san abubuwa biyu da ba ta ɗauka: harkar fim da kuɗin ruwa. Na ce a raina, in ta ji su za ta yi fushi, ta ce ba za ta sa yatsanta a wannan ƙazanta ba. Shi ke nan, gida ya tsira, kuma ba ni na ce a'a ba.

Bayan azahar, ya tafi masallaci bai dawo ba, na zauna a bakin katifarta.

"Inna, autanki ya shiga rigima. Kuɗinsa ya zuba a harkar fim."

Ta ajiye carbin. "Fim? Fitowa ya yi a ciki?"

"Bai fito ba. Kuɗi ya zuba."

"Da rawa a ciki?"

"Ban sani ba. Na Turawa ne. Kuma da bashin banki aka haɗa, mai ruwa. An yi ne don a guje wa haraji. Yanzu an kama su, an ce su biya. Shi ne ya zo yana so a sayar da gidanki. Wai da kuɗin ma aka gina shi."

Na jera mata su yadda na tsara, ban rage ko ɗaya ba. Sai ta ce, "Kira min shi."

Na same shi a ƙofar mai gyaran takalma. Da ya ga fuskata ya gane na faɗa. Ya shigo ya durƙusa a gabanta da ƙyar, ƙafar dama a miƙe.

"Auta, fim ɗin nan da aka ce, ka gan shi?"

"Ba ɗaya ba ne, Inna, suna da yawa. Ban taɓa kallon ko ɗaya ba. Sunayensu ma a takarda kawai na gani."

"Ka zuba dukiyarka a abin da ba ka gani ba."

"Haka ne."

"Ka san da ruwa a ciki?"

Ya sunkuyar da kai. "An faɗa. Ban tsaya na tambaya ba. Kowa na sa hannu."

"Kuɗin da aka gina gidan, na mutane ne ke nan?"

"Na gwamnatin can ne. A lokacin an ce haƙƙina ne. Yanzu an ce ba haka ba."

Inna ta yi fushin da na yi tsammani. Ta yi masa faɗan da ban taɓa jin ta yi masa ba. Ta ce ubansa ya mutu bai taɓa cin ƙwandalar da ba tasa ba. Ta ce Allah ya ba shi ƙafa, ya ba shi abin da danginsu kaf ba su taɓa gani ba, amma ya ga bai isa ba sai ya haɗa da wayo. Ina gefe ina jira ta kai inda nake so. Sai ta ja numfashi ta ce, "To ni ba zan kwana a gidan da aka gina da haƙƙin wasu ba, ko dare ɗaya. Allah ya taimake ni ban taɓa taka shi ba. A sayar, a mayar musu da abinsu. Ina takardar?"

Na buɗe baki na ce, "Inna, in an rushe nan fa? Ina za mu?"

Ta ce, "Ke, Makka ɗaki ɗaya ne a cikinta? Wanda ya ajiye mu a nan shekarun nan zai ajiye mu a wani wurin." Kuma da na dubi fuskarta sai na ga, a ƙarƙashin fushin, wani sauƙi ya sauko mata. Alkawarin tafiyar da ta yi ya faɗi da kansa, ba ita ta karya shi ba.

Aka kira mai gyaran takalma da wani dattijo daga layin ƙasa su zama shaidu. Aka kira kawu a waya ya ji da kunnensa. Ba mu da tawada, sai aka fasa biro aka shafa mata a babban yatsa. Ni na riƙe hannunta na dangwala shi a inda ƙanena ya nuna, wuri uku, don idonta ba ya ganin layin. Bayan an gama na kawo ruwa da sabulu na wanke mata yatsan.

Dattawan nan biyu ba su yi niyyar yaɗa magana ba, na tabbata, amma dutse ba ya riƙe sirri. Kafin magariba kowa ya ji. Washegari da zai tafi ba wanda ya zo neman hoto. Mai gyaran takalma kaɗai ya fito, ya miƙa masa takalminsa da ya ɗinke masa inda ya fara buɗewa, ya ƙi karɓar komai. Na raka shi har inda buraguzai suka fara.

Ya ce, "Yaya, na gode."

"Kada ka gode mini."

"Da ba ki faɗa mata ba..."

"Na ce kada ka gode mini." Ban gaya masa dalili ba, har yau kuma bai sani ba.

Ya ce da zarar ya miƙe zai sake gina wani, ko ƙarami ne. Na ce Allah ya sa. Ya sauka yana ɗingishi, na tsaya har ya sha kwana, na hau na kwance kayan da na ƙulle.

An sayar da gidan bayan wata biyu. Kuɗin sun tsayar da kotu, amma ba su kashe maganar ba. Har yanzu yana biya. Ya samu aikin koyar da ƙwallo a wata makaranta, matarsa ma ta fara aiki, suna nan cikin gidansu. Abin da yake aiko mana ya ragu sosai, wani watan ba ya zuwa, sai dai ya kira ya ba da haƙuri. Ya ce da yawa cikin waɗanda suka sa hannu tare da shi sun fi shi shiga uku, wasu aurensu ya mutu, wani ma ba a san inda yake ba.

Katafila ta iso layinmu bayan ƙaramar Salla. Mutanen dutse suka watse, wasu suka miƙa kansu aka mayar da su gida, wasu suka nausa wasu unguwannin. Mai gyaran takalma na cikin waɗanda suka koma. Mu kuma wata mata da ke sayen tuwona ta yi mana hanya a unguwar Utaibiyya. Kakanninta Hausawa ne, ita haifaffiyar nan ce, da takardunta da komai, Hausarta rabi Larabci. Ta ba mu wani ɗaki a bayan gidanta, inda da take ajiye kaya. Ba hawa, wannan ya yi wa ƙafafun Inna daɗi. Amma ba taga, kuma ta roƙe mu kada mu yawaita shige da fice, don in aka gane ta ajiye marasa igama ita za a ci tara. Saboda haka na daina sauka Misfala. Ina tuƙa tuwon a wani ɗan fili kusa da tankin ruwa, wata mai takarda ta zo ta ɗauka ta kai, mu raba abin da aka samu. Sai in yi mako biyu ban taka bakin titi ba.

Inna na nan da ranta, ta ma fi samun lafiya a nan. Ran Juma'a ƙanena kan kira, su daɗe suna hira, ta daina yi masa zancen fim. In ya ce a ba ni, mukan gaisa, in tambayi yara, ya tambayi aiki. Ba na jin haushinsa kamar da. Abin da na yi ne ya fi tsaya mini a rai, don na shiga ɗakin nan da niyyar in kayar da ɗan'uwana, Allah ya juya abin ya zama taimako, shi kuma yana ganina da mutuncin da ban cancanta ba.

Kwanan baya ina tankaɗe gari a bakin ƙofa, Inna na kishingiɗe a ciki. Ba abin da ya kawo zancen, sai kawai ta ce, "Ke."

"Na'am."

"Da kin so tafiyar nan, ko?"

Na ɗan dakata da rariyar a hannu. Shekarun nan duka ba ta taɓa tambayata ba. Na duba na ga ko na ce e ba abin da zai sauya, sai dai in ɗora wa tsohuwa nauyin da ba za ta iya saukewa ba.

Na ce, "A'a, Inna. Nan ma lafiya lau."

Ta ce, "To, alhamdu lillahi," ta gyara kwanciya. Ruwan tuwo ya tafasa, na tashi na je na yi talge.